Jirgin Ammi Sale

A shekarar da aka ce yaƙin Turawa ya ƙare, wata Juma'a bayan la'asar, wani mutum ya ɗora mini jirgin gwangwani a cinya a ƙofar gidanmu da ke unguwar Jarwal a Makka. Sunansa Sale, Bakatsine ne, mu yara muna ce masa Ammi Sale, wato Baffa Sale. Hajji ya zo bai koma ba, mahaifina ya ba shi rumfar bayan gida, yana kwana a ciki yana liƙin fitilu da butoci. Jirgin tarago ɗaya ne, da tanaka, wato garwar kananzir, ya yanko shi. Ya fitar masa da tagogi, ya yi masa ƙofofi uku a kowane gefe waɗanda ake turawa su zame, ya bi jikinsa da bakin ƙusa ta ciki har ya yi ƙuraje-ƙuraje a jere. A rufin ciki ya rataya 'yan igiyoyin fata, wai su ne wanda bai sami wurin zama ba yake riƙewa. Kujerun na gaske, in ji shi, saƙa ce kamar ta kwando. Sai ya ce irin wannan a cikin rami yake gudu, ƙarƙashin wani birnin Turawa, jama'a na tafiya a kansa ba ruwansu, kuma shi da ƙafarsa ya shiga, lokacin da yake zuba kwal a jirgin ruwa.

Mahaifina mai ɗaukar ruwa ne. Kullum yana sauka matakalar bazan, wato maɗebar ruwan unguwa, inda ruwan Zubaida ke ɓullowa ta ƙarƙashin ƙasa, ya hauro da tanaka biyu a sanda, ni ina biye da shi da 'yar ƙarama har kafaɗata ta yi kanta. Kuma ya san jirgi, don ya hau na Sudan a hanyarsu ta zuwa, ya sha hayaƙinsa har ya ƙoshi. Ya karɓi abin, ya juya shi, ya shafa rufin da babban yatsa. "Ina bututun hayaƙin?" Ammi Sale ya ce ba shi da shi, wuta irin ta fitilun Harami ke jan sa, ta wani ƙarfe na uku da aka shimfiɗa a gefen hanyar. Mahaifina ya ce, "Fitila ba ta jan kaya. Ni abu biyu na sani a ƙarƙashin ƙasa, ruwa da matattu."

Daga ranar gidan ya canza. Mahaifiyata ta daina barin ƙofar ɗaki a buɗe in za ta fita sayar da gyaɗa. A unguwa wasu suka ce ɗan leƙen asiri ne, wasu suka ce aljanu ne suka zaga da shi. Abin da ya tsaya wa mahaifina shi ne, mutumin da ke shara ƙarya a inda ba zai ci komai ba, me zai yi a inda zai ci? Ni kaina ban sake da shi ba. Da rana in ɗaura wa jirgin zare in ja shi a lungu yara na bi na, da yamma in koma rumfa ina hura masa gawayi ina maimaita tambayoyin jiya, ko zai yi tuntuɓe. Ƙofofi nawa? Uku. Wa ke buɗewa? Mutum ɗaya, daga inda yake tsaye. Bai taɓa canzawa ba. Da na gaya wa mahaifina, sai ya ce, "To ka gani, haddacewa ya yi."

A ƙarshe ya kira shi tsakar gida. Ya ce ko dai ya liƙa wa jirgin bututu, ya faɗa a gabana cewa wasa yake yi wa yaro, ko ya nemi wata rumfar. Aikin da bai kai shan shayi ba, ga dalma, ga ƙarfen liƙi a wuta. Ammi Sale ya ce, "Abu Isa, kawo buta in sa mata goma. Wannan ba shi da shi." Washegari ya naɗe tabarmarsa ya hau lorin Jidda, ya bar mini jirgin. Mahaifina bai fasa shi ba. Ya huda rufin da ƙusa, ya cusa bakin wata tsohuwar buta, ya miƙo mini. "Yanzu ya zama jirgi."

Yau a unguwar Utaibiyya nake, gwiwoyina sun gaji, ruwa kuma famfo ke kawo shi. An fasa duwatsun Makka, motoci na ratsa cikinsu, ga manyan fankoki a sama suna korar hayaƙi, ashe tambayar tsohona ba ta banza ba ce. Ɗana ya taɓa nuna mini jirgin ramin a talabijin, na matsa kusa na duba rufinsa sosai, a shafe yake. Wannan bai nuna Ammi Sale ya shiga ba, mutum na iya jin labari a bakin wani. Har gobe ban sani ba, kuma duk waɗanda zan tambaya suna ƙarƙashin ƙasar. Amma da jirgin yana hannuna yau, da na cire bakin butar nan.