Abin Da Na Faɗa A Ɗakin Kwalliya

Edita, a lokacin shekarata ashirin da bakwai, ina zaune a ɗakin baya na gidan baffana a Nassarawa GRA, an kuma fara sanina a finafinan barkwanci. Kullum a ɗan daudu nake fitowa. In ɗaura zani, in kashe ɗauri, in yi ta rangwaɗa, jama'a su yi ta dariya. Ba wanda ya san cewa ni ba kwaikwayo nake yi ba. Tun ƙuruciya ban taɓa jin kaina namiji ba, a gaban kyamara ne kaɗai nake sakewa.

Wata Laraba da la'asar muka gama ɗaukar fim a wani gida da aka ara mana. Kowa ya canja kaya, ni kuwa na zauna da zanina a ɗakin kwalliya. Mai yi mana kwalliya, wadda na ɗauka tamkar yayata, ta tambaye ni cikin wasa ko ba zan cire ba ne. Ban san sa'ad da na gaya mata gaskiyata ba, har da hawaye. Ta dafa ni, ta ce asirina a rufe yake. Ashe mai riƙe mana fitila yana bakin taga da wayarsa.

Cikin kwana biyu bidiyon ya karaɗe gari. Wayata ta dinga ƙara, muryoyin da ban sani ba suna cewa sun san gidanmu. Darakta ya aiko kada in ƙara zuwa, wai shi ma yana da iyali. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, samari suka taru a ƙofar gida da gorori. Ina leƙe ta labule, ina jin maigadi, wani dattijo ɗan Jigawa, yana gaya musu ba mai shiga gidan Alhaji sai ta kansa. Da ya kauce, da yau ba ni nake rubuta wannan ba.

Baffa bai zage ni ba, bai kuma ɗaga ido ya dube ni ba. Cewa ya yi ba zai iya kare ni ba, direba zai fitar da ni daga gari. A kujerar baya na kwanta, an lulluɓe ni da darduma, ina ta salati har muka wuce Tudun Wada.

Shekara uku ke nan ina wani gari ina ɗinki. Har yau in baƙo ya ƙura mini ido, sai in sunkuyar da kai in bar wurin. Na gane cewa masu tafa maka a fim ba lallai su bar ka da rai a zahiri ba. Masu hali irin nawa, ku san inda za ku buɗe baki. Ku kuma masu tura bidiyon mutane, ku tuna akwai wanda zai kwana da tsoro saboda yatsanku, kuma Allah zai tambaye ku.