Akwatunan Alkasum Shida

Alkasum jikana ne, ɗan ɗiyata ta fari. Shekara tara ya yi yana cirani a Legas, wajen wani mai saka wa motoci rediyo da lasifika. Da kaka ya tafi, da damina ya leƙo, ya bar matarsa Badi'a ko da ciki ko da goyo. Shekarar da ya dawo da jakarsa gaba ɗaya, Badi'a ta faɗa masa a gabana cewa in ya sake tafiya, ita ma za ta kwashi ƴaƴanta huɗu ta koma gidan ubanta a Tsarnawa, don ta gaji da auren wayar salula. Ba ta ɗaga murya ba, kuma mu mata mun san wadda ba ta ɗaga murya ita ake tsoro.

Sai ya ce to, zai buɗe shagon kiɗan mota a nan Ƙonni. Jikka ɗari bakwai na sefa ya tara, gumin shekara tara.

Ni kuwa shekara talatin da wani abu ina sayar da fura a bakin tasha. Babu motar da ke shiga ko fita ban ga cikinta da bayanta ba. Amma bai tambaye ni komai ba. Wa zai tambayi tsohuwa mai ludayi zancen lantarki?

Kuɗin suka fara tafiya kamar ruwa a rairayi. Mai shago ya karɓi hayar wata uku tun kafin ya miƙa mabuɗi, jikka arba'in da biyar. Ƙofar katako ce, Alkasum ya ce ɓarawo da tari ma zai buɗe ta, aka kira mai walda ya yi ta ƙarfe. Aka ja wuta. Aka sayi batir biyu saboda ranar da wutar ta yi fushi, kuma takan yi. Mutanen meri, ofishin magajin gari, suka zo da takardarsu ta patanti, harajin shago, su da ba sa ɓatan hanya. Har mai fenti ya ci rabonsa. Duk wannan bai dame ni ba, kowace sana'a da kuɗin shigarta. Ni ma sai da na sayi ƙwarya kafin na sayar da dunƙule ɗaya.

Abin da ya dame ni shi ne ranar da ya tafi Sakkwato ya canza sauran kuɗin zuwa naira, ya dawo da akwatuna shida baƙaƙe, kowane ya kai turmi girma, jikka arba'in-arba'in. Ya jera su a ƙofar shago yana shafa su.

Na ce, "Maigida, waɗannan na zuba hatsi ne?"

Ya ce, "Amarya, ke dai ki riƙe haƙorinki ɗaya da ya rage, kar ƙara ta fitar da shi. Wannan a but ake sa shi, bayan mota. In ya buga, har hanjinki sai ya yi rawa."

"A but," na ce. Na koma kan furata.

Direban da ya fara zuwa Rabi'u ne, mai yin Ƙonni zuwa Malbaza. Alkasum ya kunna masa akwati ɗaya, ƙasa ta ɗauki rawa, awakin maƙwabta suka watse. Rabi'u ya yi ta dariya yana kaɗa kai, ya ce ko nawa ne yana so. Suka zagaya bayan mota, aka buɗe but, aka ɗora akwatin. Sai dariyar ta tsaya. Rabi'u ya auna wurin da hannu, ya sake aunawa.

Ya ce, "Malam Alkasum, nan buhun albasa biyu ke zama. Zuwa biyu, dawowa biyu, kullum. Kiɗan zai biya ni kuɗin buhu huɗu?"

Ya sayi ƴar ƙaramar lasifika ta jikin ƙofa, ta jikka biyu, ya tafi.

Abin da jikana ya manta ke nan. A Legas but wurin ajiye taya ne da iska. A Ƙonni but shi ne gonar direba. Buhu a ciki, kaji a kan buhu, murfin a buɗe an ɗaure da igiya, wani lokaci har da mutum zaune ƙafafu na lilo. Duk direban da ya zo sai ya yaba, ya auna, ya tafi. Masu motar kansu kuwa, alhazan gari, karatu suke saurare a hankali, ba sa neman abin da zai girgiza hanji.

Wata biyar akwatunan na nan. Ƴaƴansa suka mai da su kujeru. Abin da yake samu na gyaran rediyo da ɗaura waya bai wuce cefane ba. Gero ya fara nuna, abokan tafiyarsa suka fara zuwa shago da zancen ranar tashi. Wata safiya na shiga gidansu na tarar Badi'a ta sauke kwanukanta na jere tana wankewa ɗaya bayan ɗaya, ba salla ba, ba biki ba. Na gane shirin komawa Tsarnawa take yi.

Ranar kasuwa sai ga Labo. Mutumin Bazaga ne, mai yawo ƙauye-ƙauye da amalanken jaki yana tallar gishiri da sabulu da manja. Shekara ashirin yana shan furata yana cewa ta yi tsami. Ranar ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai iska kawai ta fito. Talla ta cinye muryar.

Na ce, "Alhamdu lillahi, yau fura ta huta."

Ya zauna yana sha. Ni kuma ina zaune ƙasa-ƙasa a kan kujerata, idona ya faɗa ƙarƙashin amalankensa. Tsakanin taya da taya fili ne fetal, ba komai sai guga ɗaya na lilo. Sama cike da kaya, ƙasa ko kaza ba ta kwana. Na bar ƙwaryata a hannun maƙwabciya, na ja Labo da jakinsa har ƙofar shago.

Alkasum ya ji bayani, ya ɓata rai. Ya ce, "Kaka, ni da na saka wa motocin manya kiɗa a Legas, yau jaki za ki kawo mini?"

Na ce, "Jakin ya ce maka ba shi da wuri? Duƙa ka duba. In girman kai ya hana ka duƙawa, je gida ka taya Badi'a wankin kwanuka."

Ya dube ni. Ya duƙa.

Kwana biyu ya yi yana aiki. Mai walda ya yi masa kejin ƙarfe a ƙarƙashin amalanken, aka rataye akwatin, aka ɗaure batir, aka kafa ɗan faifan hasken rana a kan sanda. Aka nemo ƙanen Labo mai murya kamar ta sanƙira, ya yi kirarin gishiri da sabulu a waya, Alkasum ya haɗa da kiɗa.

Sai dai ba wanda ya shawarci jaki. Da aka kunna, ƙarar ta fito masa ta ƙarƙashin wutsiya. Ya miƙe kunnuwa, ya zabura, ya bi hanyar garin Tawa da gudun da uwarsa ba ta taɓa yi ba, amalanke na ta shelar sabulu mai kumfa, Labo na binsa ba muryar kira. Sai wajen masu sayar da rake aka tare shi. Manja galan ɗaya ya tafi sadaka.

Na zaci ciniki ya mutu. Labo ya dawo yana haki, ya yi wa Alkasum raɗa a kunne, don iyakar abin da zai iya ke nan: tun daga tasha har wurin rake, mutum nawa suka fito kallo? Ya biya kuɗinsa bai nemi ragi ba.

Daga nan Alkasum ya fito da tsarinsa. Duk mai son akwati, sai ya kawo jakinsa ya yi yini uku ɗaure a ƙofar shago, ana ba shi dusa ana ƙara ƙarar kaɗan-kaɗan, har ya iya cin abincinsa ganga na bugawa. Mutanen tasha suka sa wa wurin suna lakwal ɗin jakai, wato makarantarsu. Wani daga Alela ya sayi ɗaya don rakiyar kayan amare. Mai maganin gargajiya ya sayi ɗaya. Kafin a gama ɗaure dammunan gero, shida sun tafi, ya koma Sakkwato ya ɗauko huɗu.

Ranar da motar ƴan cirani ta tashi, abokansa sun biyo yi masa sallama, ƙafafunsa kawai suka gani, sauran jikin na ƙarƙashin amalanken wani. Daga can ya ce su gaida Legas.

Da rani Badi'a ta haihu, namiji. A ƴaƴansa biyar, wannan ne sunan farko da Alkasum ya gani da idonsa, ya riƙe ragon da hannunsa. Amalanke bakwai suka zo taya murna, kowane da nasa kiɗan, kuma ba wanda ya yarda ya rage wa wani. Liman sai da ya maimaita sunan yaron sau uku. Ni dai a bakin Badi'a na gane Awal ne, kunnena kuwa bai dawo daidai ba sai ranar Juma'a.