Ramar Injiniya

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara a layin nan ya san Injiniya, ya kuma san kujerarsa ta ƙarfe, wadda mai walda ya haɗa masa bayan na roba sun gaji da karyewa. A kanta yake wuni, fitila a goshi, ƙarfen narka dalma a hannu, kwalbar lemo a damansa, burodi a aljihun tebur tare da ƙananan sukurori. Ƙibarsa ba ta taɓa damunsa ba. In abokai suka ce cikinsa yana riga shi shiga shago, sai ya shafa shi ya ce ai shi ne babban ma'aikaci, dole ya zo da wuri.

Ƙanensa ne, Auta, ya tashe shi daga kujerar nan. Ƙodojin Auta sun daina aiki, sai wankin ƙoda ake kai shi asibiti, ya dawo kamar tsumman da aka matse. Injiniya ya je a ɓoye aka gwada shi, aka ce sun dace. Murna ba ta gama shigarsa ba likitar ta ɗora shi kan sikeli, ta dubi lambar, ta dube shi.

"Malam, da wannan jikin ba mai kai ka ɗakin tiyata. Ka rage nauyi, jininka ya sauka, sannan mu yi maganar ba da ƙoda."

"Shi kuma zai iya jirana?"

"Yanzu dai yana jira. Gaba ban sani ba."

Daga ranar zama ya ƙare masa. Da sassafe yake fita da ƙafa, cinyoyi suna gogar juna, gumi har cikin kunne, masu tasi suna yi masa oda yana kau da kai. Ya saki lemo. Ya koma shan shayi ba sukari, wanda shi da bakinsa yake cewa ruwan zafi ne aka yi wa fenti. Matarsa, ita kaɗai ta san dalili, tana zuba masa wake da ganye da kifi, shinkafa cikin tafin hannu. A shago kuwa ƙafarsa ba ta daina karkaɗawa a ƙarƙashin tebur, har sukurori suna gangarowa ƙasa. Da ya jona waya a caji sai ya miƙe, ya je ƙarshen layi ya dawo, ya sake komawa. Mai kemis ya ce sikelinsa ya fara gane takun Injiniya tun daga nesa. Wani makon lambar ta motsa, wani makon ta tsaya cak kamar da gayya, shi kuwa duk tsayuwarta fuskar Auta yake gani, sai tsoro ya hana shi ko zare batir daidai.

Bai gaya wa Auta ba, don kada ya sa masa rai abin ya zo bai yiwu ba. Inna kuwa, mahaifiyarsu, ai ba a ma fara ba. Matar da ke tsaye kan ɗa ɗaya, wa zai je ya ce mata za a kwantar da na biyun? Sai dai ita ma tana da ido. Ta ga wando yana yi wa babban ɗanta yawa, ta ga wuyan riga ya saki, kuma a wurinta mutum ba ya ramewa don daɗi. Ta fara da matarsa a waya, ta tambaye ta ko tukunyar gidan ce ta fashe. Baiwar Allah ta shanye, ta ce a yi haƙuri. Sai Inna ta ɗauki abin a hannunta. Duk ranar da ba ta asibiti ga ta nan tafe da kula, shinkafa tana ƙyallin mai, soyayyar kaza a sama, ta dire a kan teburin cikin wayoyin mutane.

Shi kuma ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ce sai ya gama wannan aikin. Tana karya kwana sai ya miƙa kular shagon mai aski na kusa, da sauri, kafin ƙamshin ya fi ƙarfinsa. Ba ƙaramin ciwo abin yake yi masa ba, girkin da ya tashi a kansa ne. Mai aski dai kakarsa ta yanke saƙa. Cikin ɗan lokaci kumatunsa suka fito, ya fara yi wa Inna addu'a tsakanin wannan kai da wancan.

Ranar da asiri ya tonu, Inna ta kai bakin titi sannan ta tuna wayarta da ta zo da ita a duba mata. Ta juyo. Ga mai aski zaune bakin ƙofarsa, kularta tsakanin gwiwoyinsa, cinyar kaza a hannu. Ya miƙe da baki cike yana neman gaisuwa. Ko kallo bai ishe ta ba, ta ɗauke kular ta shiga shagon ɗanta.

"Abincin nawa ne ya zama abin bayarwa?"

"Inna, ki zauna."

"Ba zan zauna ba. Ɗaya yana ƙarewa a gado, kai kana ƙarewa a tsaye. Wane ciwo suka ce kana da shi? Ka faɗa mini, na saba ji."

Nan ya gane abin da ya jawo mata. Duk watannin nan tana zaton shi ma tafiya yake yi. Ya kashe fitilar goshinsa, ya durƙusa gabanta, abin da bara ba zai iya ba sai da dafa tebur, ya faɗa mata komai: gwajin, da likitar, da sikelin.

Sai a lokacin ta zauna. Ta daɗe tana kallon wayoyin da ke buɗe a kan teburin, hanjinsu a waje.

"Ku biyu ke nan za su shigar mini rana ɗaya."

"In na kai, Inna."

"Ni da na haife ku ba wanda ya tambaye ni."

"Na ji tsoron ki hana."

"Da na hana," ta ce. "Yanzu ma bakina yana so ya hana."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta jawo kular, ta danne murfin da kanta har ya yi ƙara, ta sa ta ƙarƙashin hammata.

"Nauyin da za ka rage, saura da yawa?"

"An ci rabi."

"To rufe shagon ka raka ni gida."

Ya leƙa titi zai tsayar mata da tasi. Ta kama hannunsa ta sauke.

"Da ƙafa za mu," ta ce. "Auta yana jira."