Naman rago a kwanon madara

Ɗana na biyu bai jira watansa ya cika ba. Bakwaini na haife shi, a wani asibiti da ke can ɗaya gefen Greensboro, aka sallame ni, shi kuma aka riƙe shi a kwalba. Na koma ɗakinmu na haya a bayan Gate City Boulevard da jakar kayan jarirai da ban ko buɗe ba. Kafin in fito, nas ɗin da ke kula da shi ta zaunar da ni ta ce babu abin da zai ɗaga yaron nan kamar nonona. In riƙa tatsa dare da rana, ina sawa a firij, in kawo kullum da sanyinsa. Na ce to, ban gaya mata ban iya mota ba.

Mota ɗaya gare mu, kuma tana hannun maigidana. Da safe yana ɗakin gwaje-gwaje a jami'a, da yamma yana kai wa mutane abinci. Asabar da Lahadi ne kawai yake iya kai ni. Hajiyar da muke ɗauka kamar uwa a garin nan tana can McLeansville, bayan gari, kuma aikin kwana take yi a gidan kula da tsofaffi, da safe barci take. Ita ta zo ta dama mini kunun jego, ta bar mini kwalbar man shanu da aka kawo mata daga gida, amma ban iya cewa ta hana idonta barci saboda ni ba.

A wurin jiran bas ɗin makarantar 'yata ta fari, wata mata ta tambaye ni ina cikin ya tafi, ina jaririn. Uwar ƙawar 'yata ce, Bayahudiya, mai saurin magana da saurin tafiya. Ban yi niyyar kuka a gabanta ba. Washegari ta zo ta ce ta yi magana da mutanenta. Wai a wurin ibadarsu jama'a sun yi yawa, ba kowa ya san kowa ba, shi ya sa suke rarrabuwa 'yan gidaje kaɗan kaɗan, kowace ƙungiya ana ce mata havura. Su ci abincin daren Juma'a tare, wannan karon a gidan wannan, wani karon a gidan wancan. In an yi haihuwa su ne, in an yi mutuwa su ne. Ta ce nasu sun raba kwanaki, kowace safiya wani zai zo ya kai ni.

Da na gaya wa Hajiya a waya sai da ta ce, "Yahudawa? Ikon Allah! To ke dai ki kama kanki, 'yar nan, kar ki ba mu kunya."

Kullum sai na shirya tun kafin lokaci, in tsaya a bayan labule ina leƙen mota, saboda kar wani ya jira ni. Akwai wani mai sanƙo da ba ya rabuwa da barkwanci, akwai ma'aurata matasa da motarsu ke cike da gashin kare, sai in shimfiɗa gyalena kafin in zauna ina fatan ba su gani ba. Akwai kuma wata tsohuwa daga unguwar Irving Park, ranar Litinin ce tata. Tuƙi take a hankali, hancinta kusa da sitiyari, ba ta sa rediyo, kuma ita kaɗai ce ke hawa sama tare da ni ta tsaya a bayan gilashi tana kallon yaron. Mama nake ce mata, ta kuma amsa.

Har abinci suke kawowa. Kowa a cikin kwanon gwangwani na yarwa yake kawo nasa, sai Mama wata rana ta kawo taliya da cuku da aka gasa, a cikin wani kwanon tangaran mai nauyi, fari, bakinsa da zanen shuɗi. Ta ce na yarwar sun ƙare mata. Ta ƙara da cewa, "In kun cinye, ki dawo mini da shi haka nan. Kar ki sa komai a ciki, ko wankewa ba sai kin yi ba."

Na ji ta sarai. Amma a wurinmu wace mace ce ba ta faɗin haka? Kar ki wahalar da kanki, haba, ba komai. Kuma wace mace ce za ta ji haka ta mayar da kwanon mutane wayam? Uwata ko gyaɗa ce sai ta zuba. Na wanke kwanon na ɗora a kan firij, ya zauna a wurin yana damuna. Mutanen nan sun ba ni lokacinsu da man motarsu, ni kuwa ban da godiya ba abin da ya taɓa fita daga hannuna zuwa nasu.

Sai ga gayyata, wai in zo cin abincin Juma'a a gidan Mama, ni da 'yata. Na tambayi maigidana me suke ci, me ba sa ci. Yana ɗaura takalmi ya ce, "Ai kamar mu ne, ba sa cin alade. Yankansu ma ya halatta mana, kin manta?" Ni kuma na ɗauka tunda nasu ya halatta mana, namu ma ya halatta musu. Na sa ya biya shagon halal ya sayo mini naman rago mai kyau. Na dafa shi da citta da kanumfari da masoro, na soya shi da albasa, na buɗe man shanun Hajiya da nake ta tattali, na zuba ban yi rowa ba. Da zafinsa na juye a kwanon Mama, na rufe, na naɗe da tawul. Da uwar ƙawar 'yata ta zo ɗaukarmu na sa shi a but ɗin motarta, na ce mata kwanon Mama ne zan mayar. So nake in ba su mamaki.

Gidan babba ne, da manyan itatuwa a gaba, amma a ciki a matse suke zaune, yara na rarrafe a ƙarƙashin tebur. Mama ta kunna kyandir, ta rufe idonta da tafin hannu ta yi addu'a. Aka yi waƙa, aka yaye ƙyalle daga kan wani burodi mai kama da kitso, aka gutsura aka miƙa wa kowa har da ni. Na lura babu nama a teburin, daga kifi sai ganye sai abubuwan cuku. A raina na ce, ashe gara da na kawo. Na tashi na ɗauko kwanon, na ajiye a tsakiya, na buɗe.

Ƙamshin ya cika ɗakin. Mai sanƙon nan ya ce, "Kai! Me ye wannan? Ni a nan zan kwana." Matarsa ta daki hannunsa.

Uwar ƙawar 'yata ta matso ta tambaye ni a hankali, "Nama ne?"

Na ce, "Rago ne. Halal."

"Da wane mai kika soya?"

"Man shanu, na gida, mai kyau."

Kowa ya juya yana kallon Mama, ita kuma kwanon take kallo. Sai uwar ƙawar 'yata ta ja ni zuwa ƙofar kicin ta yi mini bayani da saurin bakin nan nata. A addininsu ba a haɗa nama da madara, ko man shanu, ko cuku. Ba a ciki kaɗai ba, har a kwano. Ta nuna mini kabad biyu, ɗaya na kwanukan nama, ɗaya na madara. Wannan kwanon na madara ne. Kuma ko ba man shanu, yankanmu ba ya isar wa masu kiyayewa irin Mama. Na ce to bari in juye in wanke, da ruwan zafi, da sabulu, sau nawa ake so? Ta girgiza kai. Ta ce da ƙarfe ne da akwai yadda ake yi, amma tangaran in ya sha da zafi, ya sha ke nan.

Da muka koma, an ɗauke kwanon an kai baranda. Mama ta ce, "Zauna ki ci abinci, ba komai." Mai sanƙo ya ce shi dai a ba shi kujera a barandar, ya yarda ya rabu da su gaba ɗaya. Aka yi dariya, irin wadda ake yi don a rufa wa mutum asiri. Na zauna. An zuba mini kifi, na tauna, amma ban san ɗanɗanonsa ba. Abin da nake ji kawai shi ne ƙamshin man shanu da ya ƙi barin ɗakin, yana jikin gyalena, yana hannuna. Na shiga gidan tsohuwa a daren ibadarta na ɓata mata kaya a gaban mutanenta, bayan ta gaya mini da bakinta.

A gida maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ga fuskata ya daina. Ya ce, "Laifina ne, ni na ba ki fatawa ban karanta ba." Hakan bai rage mini komai ba. Litinin nake hange. Ta yaya zan buɗe ƙofar motarta in zauna kusa da ita? Ran Lahadi da yamma, ban shawarci kowa ba, na tura wa uwar ƙawar 'yata saƙo cewa mun gode, mun samu hanya, kar kowa ya ƙara zuwa.

Hanyar da na samu bas ce. Biyu ake hawa, sai an shiga tsakiyar gari a canza. An koma makaranta amma zafi bai sauka ba. Na sa kwalaben nonon da na tatsa tun jiya a 'yar jaka da ƙanƙara a leda. Bas ta farko ta makara, ta biyu ta tafi ta bar ni. Da wata ta zo na hau, ashe ba ita ba ce, kuma na ji nauyin tambayar direba sai da na ga mun fita inda na sani. Ina zaune a bakin titi ƙanƙarar ta zama ruwa, ta jiƙa mini zane.

Rana ta yi tsaka kafin in isa. Nas ta taɓa kwalaben da bayan hannunta, ta tambaye ni tun yaushe suka huce. Na ce ban sani ba. Ta ce da yaro mai ƙwari ne da sai a duba, amma bakwaini ba a yi masa ganganci. A gabana ta juye su a wurin wanke hannu. Ta ce an riga an ba shi na gwangwani da safe, cikinsa bai so ba, ya dawo da shi. Ta ba ni ɗaki in tatsa sabo, na zauna na yi ta fama, abin da ya fito bai rufe gindin kwalba ba. Aka ɗora mini shi a ƙirji, ɗan mitsitsi, yana ta laluben abin da babu. Ga shi dole in tashi da wuri, in ba haka ba 'yata za ta sauka daga bas ba kowa a wurin.

A barandar asibitin na tsaya da waya a hannu na daɗe. Sannan na kira Mama.

Ban gama sallama ba ta ce, "Kina ina?" Na faɗa mata, har da labarin bas ɗin. Ta ce, "Hanyar da kika samu ke nan?" Ta ce in sauko ƙasa in jira.

A mota ban ɗaga kaina ba. Na ce, "Mama, ki yafe mini. Zan saya miki wani."

"Ba a sayar da irinsa yanzu, tun na aurena ne. Na ji haushi, ba zan yi miki ƙarya ba. Ran Asabar na wuni ina jin haushi, rabi naki, rabi nawa da na ba da shi." Ta tsaya a danja, ta juyo ta kalle ni ta saman tabarau. "Amma yaron me ya yi mini? Shi ya soya naman?"

Na ce a'a.

"To. A ƙungiyar nan tamu akwai wanda ya taɓa buge mini mota, akwai wadda ba mu yi magana ba shekara guda. Duk kin gan su a teburin. Ke kin ɓata kwano ɗaya kin gudu."

Na tambaye ta naman fa, an zubar? Ta ce ina! Mai sanƙo ya tafi da shi gida, shi ba ya kiyaye komai, har ya bugo waya yana tambaya ko akwai saura. Na so in yi dariya, sai kuka ya zo a madadinta. Ba ta lallashe ni ba, ta dai miƙo mini tishu ta ci gaba da tuƙinta.

A ƙofar gidanmu ta ce Talata ba ranarta ba ce, amma ita za ta zo, tunda na sallami kowa, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta dawo da su. Ta ce in sha ruwa da yawa, in kwanta, in daina tunani, nonon zai sauko.

Ya sauko kuwa, ba da yawa ba. Da safe ta zo, na shiga na gaishe ta idona a kan jakar da ke cinyata, kuma har aka sallamo yaron ban iya haɗa ido da ita sosai ba. Nas ta taɓa kwalaben, ta ji su da sanyi, ta rubuta sunansa a jiki ta wuce da su ciki.