Ruwan da Sabulu Ya Ɓoye a Fetur

Taubashina ne mai jirgin injin da yake kai kifina kasuwar Yauri daga tungarmu. Wata safiya cikin damina na kama giwan ruwa, irin wanda masunci kan yi shekara bai ga kamarsa ba. Ɗanye ake son sa. In rana ta take bai isa kasuwa ba, sai dai masu banda.

Za mu tashi, sai taubashina ya tarar ruwan sama ya shiga jarkar fetur. Kowa a bakin tafki ya san maganin wannan: a ajiye jarka ta huta, ruwa ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye mai a hankali. Na nemi gindin itace na zauna.

Ya ce, "Bawana, kai dai da zama Inna ta haife ka. Bari in gwada maka wayon zamani."

Ya ɗauko sabulun ruwa na wanke kwano, ya zuba, ya girgiza jarkar da ƙarfi, ya miƙo mini bakinta.

"Ina ruwan?"

Na leƙa. Man ya ɗan yi dishi-dishi, amma ruwan da yake kwance a ƙasa babu shi. Na ce ban gan shi ba.

"To mi kake jira? Ɗauko kifinka."

Sai daga baya, a ajin yaƙi da jahilci, malaminmu wanda da rana yake koyar da kimiyya a sakandare ya bayyana mini abin da ya faru. Ya ce kowace ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son mai. A ruwan wanki sukan taru su kewaye maiƙo, wutsiyoyi ciki, kawuna waje. A cikin mai kuwa sai su juya: su kewaye ɗigon ruwa, kawuna ciki, wutsiyoyi waje, kamar mutane sun duƙufa a kan kwanon tuwo, ba ka ganin komai sai bayansu. Babu mai jera su, da kansu suke yi. Ruwan yana nan, riga kawai aka sa masa.

Injin dai bai shiga aji ba, amma ya riga ni ganewa. Ran nan da muka zuba masa man muka tashi, a tsakiyar tafki ya yi tari, ya yi shiru. Taubashina ya ja igiya har gumi ya jiƙe shi, sannan ya miƙo mini filafili.

"Kai ne mai haƙuri, ka fara."

Na lulluɓe kifin da jiƙaƙƙen buhu, muka yi ta tuƙi. Mun iso ana sallame azahar. Dillali ya danna cikin kifin da yatsa, ya ɗaga marfin kunnen kifin ya shinshina, ya nuna mini inda hayaƙi yake tashi. Matar da take banda ta yanka shi gunduwa-gunduwa, taubashina yana tsaye a kanta yana ba ta shawarar yadda ake riƙe wuƙa.