Virtudes Ta Je Ganin Fuskar Mijinta

Zamanin da Italiyawa suka cika garinmu Tabernas da ɗaukar finafinan kaboyi, aikina shi ne tara musu mutane. Da sassafe nake tsayawa a dandali ina ƙirga kawuna: 'yan fashi talatin, matan makoki takwas, dawaki arba'in, in loda na lodawa a mota, sauran su bi mu a baya. Virtudes ba ta cikin waɗanda nake ƙirgawa. Ita riguna ne aikinta. Da yamma a kai mata su cikin kwanduna, duk jan fenti da hudar harsashi, ta wanke, ta ɗinke, sannan ta sake murza su da ƙasa da ragowar man suya, don darakta ba ya son kaboyi mai tsabta. Kafin zuwansu ciyawar igiya suke tsinka a kan tudu, ita da mijinta Indalecio. Ta ce wanki ya fi, ko ba komai ba ya yanka hannu.

Shi kuwa Indalecio mutuwa ce sana'arsa. Labarin finafinan nan ɗaya ne: a kashe wa yaro uba, ya girma, ya dawo da bindiga ya bi makasan ɗaya bayan ɗaya. To kowane harbi yana buƙatar wanda zai faɗo, daga doki ko daga kan soro, kuma cikin mutum goma sha biyu da nake da su masu faɗuwa babu kamarsa. Ƙa'idar aikin ita ce kada ka ba kyamara fuskarka. Wanda aka ga fuskarsa, in ya mutu ya mutu, sai sallama. Wanda ya ja malafa ya ɗaure hanci da ƙyalle, riga kawai zai sauya a sake kashe shi bayan abincin rana. Indalecio ya saba har ta kai ko a gida ka kira shi, kafaɗa yake fara juyo maka.

"Yau ina aka kashe ka?" in ji Virtudes in ya shigo yana ɗingishi.

"A bakin rijiya. Da kuma ƙofar banki."

"To tuɓe rigar gawa ka zo ka ci abinci, kafin ya huce."

Sau ɗaya tak aka ɗauki fuskarsa. Wanda zai fito a matsayin uban yaro ya kwana yana shan giya ya kasa tashi, darakta ya waiga ya nuna Indalecio. Ni ina can wajen dawaki, ban ga ɗaukar ba. Ya dawo gida ya ce mata, "Matar nan, za ki gan ni a bango, kaina ya fi ƙofar coci girma."

Ta ce, "Da ma ya fi ta."

A makon ƙarshe na wannan fim ɗin aka yi ruwa, bayan mun kusa manta kamanninsa. Mu kuwa in aka yi ruwa, abincin nan namu migas ake ci. Ba mai tambaya, kowane gida aka ɗora kasko, gari da mai da tafarnuwa, ana gasa kifi a gefe. Da rana ta fito darakta ya aiko a zo a yi faɗowar hasumiyar coci. Kwalaye ɗari da ashirin ake jerawa a ƙasa, hawa huɗu, su ne katifar mai faɗowa. An rufe su da tamfol, na sama a bushe suke ƙayau. Indalecio da kansa ya jera su tun jiya, da kansa ya bubbuga su ya ce sun yi. Ba wanda ya duba na ƙasa, waɗanda ruwa ya bi ta ƙarƙashinsu suka zama kamar burodi a miya.

Ya faɗo yadda ya saba. Italiyawa suka tafa. Bai tashi ba.

Ƙaninsa Baldomero ya ɗauko bindigar zomayen ubansu, ya zauna da ita a ƙofar Virtudes, ya ɗora ta a cinya kamar yadda yake gani a wurin aiki.

"Matar Yaya, jinin nan ba zai tafi a banza ba."

Tana shanya, ba ta juyo ba. "Wa za ka harba? Girgije?"

"Darakta."

"Ya koma garinsu, Rum. Kai da ko Granada ba ka taɓa zuwa ba."

"To wanda ya jera kwalayen."

"Yana maƙabarta, layi na uku. Je ka, ba zai gudu ba. In ka gama ka miƙo mini kwandon can."

Ya miƙo mata. Washegari bindigar ta koma kan ƙusa.

Rigar da ya faɗo da ita ta zo mata cikin kwando tare da sauran. Ta ce ta gane ta ne don fenti ruwan zafi yake so, jini kuwa na sanyi. Ta wanke, ta ɗinke, wani ya sa ta a fim na gaba. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, ba ta fasa aiki ba. Abu ɗaya ne ta taɓa faɗa mini, ranar da na je karɓar riguna.

"Melchor, fuskarsa tana ɓace mini. Kunnuwan nake tunawa, da haƙorin nan da ya karye. Sauran in na haɗa sai ya watse."

Ba su da hoto. Ranar aurensu mai hoto bai hau tudu ba. Katin shaidarsa, mai ɗan hotonsa a kusurwa, yana aljihun kwat ɗin da aka binne shi da shi, ba wanda ya tuna sai bayan an rufe. Saura fim ɗin. Ta san ba muryarsa za ta ji ba, don Italiyawa ba sa ɗaukar murya a wurin aiki, daga baya wasu can suke sawa. Ta ce su riƙe muryar, fuskar take so.

Sai da aka shekara biyu fim ɗin ya iso birnin Almería, kusa da mu. Na ɗauke ta a motar dawaki, ta sa baƙar rigarta, ta ƙulla burodi da tsiran alade a adiko. Muka shiga gidan silima a nunin rana, na samo mana kujeru a layi na biyar, tsakiya.

Aka fara. Gida a jeji, yaro yana wasa, mahaya suka taso. Ƙofa ta buɗe, uba ya fito, fuskarsa ta cika bango. An manna masa gemu fari har ƙirji, an shafa masa furfura a gira, an zana masa tamoji. Ya buɗe baki, muryar wani mutumin Madrid ta fito, sumul kamar ta mai karanta labarai. Aka harbe shi.

"Shi ne?" na tambaye ta a hankali.

"Kunnuwan ma sun rufe," ta ce. Ta kwance adikonta, ta gutsuri burodi.

Na ce ko mu tafi. Ta ce an riga an shigo.

Yaro ya girma, ya dawo da bindiga. Na farkon da ya harba yana kan doki, ƙyalle a hanci. Mutumin ya saki linzami, ya tafi ta kafaɗar hagu, ƙafar dama ta ɗan maƙale a iska. Virtudes ta daina tauna.

"Ga shi nan."

"Wa?"

"Indalecio mana. Dubi bayan. Ɗansa ne ya harbe shi."

Wani daga layin baya ya ce, "Baiwar Allah, mu ma kallo muka zo!"

"Kalla mana, wa ya riƙe maka ido?"

Daga nan ta riƙa nuna mini shi. A matakalar shagon giya, cikin rigar da ta sa wa maɓallan da ba su dace ba. A bakin kwari, yana gudu ya ba mu baya, da ɗingishin da ya samo a wani fim ɗin. Duk inda yaron ya juya don rama wa ubansa, Indalecio yake harbi. Tana faɗa kamar mai ƙirga kaji da magariba, murya ba hawa ba sauka.

Sai hasumiyar coci. Na dubi ƙasa. Ita ba ta kau da kai ba. Da na ɗago an riga an koma kan fuskar jarumi.

"Yana iska suka yanke," ta ce. "Sun kyauta."

Aka kunna fitilu, mutane suka miƙe. A gidan nan in ka zauna ba mai tashinka, ana sake nunawa daga farko. Na ce mata ko za ta ƙara duba fuskar, wataƙila ta gane idanun.

"A'a, wannan tsohon ban san shi ba." Ta ninke adikon, ta gyara zama, ta rufe ido. "In mai gemun ya mutu, an zo wajen dawaki, ka taɓa ni."