Mainasara Mai Ƙwanƙwasa Itace

Ranar Talata na faɗo daga kan gawo, a gonata ta rogo da ke hanyar Dutsi. Birai ne suka dame ni, sun cinye kusan rabin rogon. Na ari bindiga, na hau in yi musu dako da hantsi. Ban gama gyara zama ba reshen ya ce ƙaras. Na iso ƙasa, takalmina ɗaya ya biyo ni daga baya.

Dole ta sa na nemi taubashina Mainasara, wanda na shekara ashirin ina yi wa dariya.

Wai maharbi ne. Ubansa dai ya kashe kura, kowa a Daura ya shaida. Shi kuwa tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ban ga ya shigo gari da abin da ya wuce zomo da zabi ba. Gajere ne, rigarsa duk layu, bindigarsa ta girme shi. Abokan farauta sun daina tafiya da shi, don kafin ya hau itace ɗaya wani ya ci tuwo ya yi barci. Zai zagaya shi sau uku. Zai ƙwanƙwasa gindin da ƙotar gatari, ya kara kunne kamar likita. Zai tona ƙasa ya nemi gara, ya leƙa kogo ko da zuma. Ɗorawa ba ya hawanta, wai reshenta maƙaryaci ne. Kuka santsi. Kanya da marke kawai ya yarda da su, su ma sai ya yi lilo da reshen tukuna. Shekara sittin, bai taɓa karya ko ɗan yatsa ba, kuma wannan ne kaɗai abin da yake taƙama da shi. Ni ma ai ban taɓa nutsewa a teku ba.

Na same shi a ƙofar gida yana gyaran tarko.

"Sarkin baka, rogona zai ƙare. Ka zo ka yi mini dako."

Ya dubi ɗingishina. "Sada, me ka hau?"

"Gawo."

"Da ganye?"

"Babu. Ai kowa ya san gawo zubar da ganye yake."

"Da damina yake zubarwa. Yanzu rani ne, kowane gawo mai rai ya yi kore shar. Gawa ka hau, ba gawo ba."

Na ce to, malamin itatuwa, karatun ya isa, zai zo ko ba zai zo ba?

"Wata nawa biran nan suna gonarka?"

"Biyu."

"Ka taɓa ganin ɗaya ya hau itacen nan?"

Ya ci gaba da ɗaure tarkonsa.

"Gobe zan je. Kai ka zauna a gida. In na gan ka tare da biran a gonar, ban san wanda ya fi cancanta a bar wa rogon ba."